Hamma Ɗaya Na Neman Hana Ni Aure

Malama Halimatussa'adiya, don Allah ki taimake ni, bakina ya fita daga hannuna.

Ni maɗinkin manyan riguna ne a Ƙofar Galadima, na haura hamsin, ban taɓa shiga sabgar kowa ba. Bara ina zaure da allura a hannu, hamma ta kama ni, irin mai sa ido hawaye. Ashe Zulkiflu, ɗan ƙanwata da ke karatu a jami'a nan unguwar Kongo, ya saita ni da waya ya ɗauki hotona. Ya ce zai sa a intanet duniya ta ga masu sana'ar Zazzau, na ce je ka. Wai ya sa da lasisin da ya ba kowa damar ɗauka kyauta, muddin an ambaci sunansa.

Aka kuwa ɗauka. Wani mai maganin haƙori ya buga ni a kwalinsa. Mai katifa ya kafa ni a allon shagonsa, baki wangame kamar ƙofar gari. Har a bayan Keke Napep na gan ni. Yanzu in na yi sallama a majalisa, kafin a amsa sai hamma ta bi kowa, ɗaya bayan ɗaya.

Na tare Zulkiflu, ya ce hoton nasa ne tunda shi ya ɗauka, kuma lasisin ba ya janyuwa. To bakin fa, na wane ne? Shi ya tsiro mini da haƙoran? Na ɗinka "haƙƙin mallaka" a gaban hulata, ba abin da ya canja. Kuma tunda an ce sai an ambaci sunansa, don tsoron doka duk hammar da na yi sai na ce "Zulkiflu". Har liman ya tambaye ni ko lafiya.

Ga abin da ya fi ci mini rai. Tun bayan rasuwar matata nake neman wata bazawara, Hajiya Radiya. Yayyenta sun ce ba za su ba mutumin da bakinsa ke buɗe a kowace kwana ba, ita kuma ta ce tana tunani. Wallahi ina son matar nan. In kai ƙarar yaron ne, ko in je a yi wa bakina rajista?

Mai Allura, Birnin Zazzau

Malam Mai Allura,

Da farko, ka daina kiran Zulkiflu. Sharaɗin ambaton suna a kan masu amfani da hoton yake. Hamma ba ta da mai ita, kuma babu ofishin da ke rajistar baki. Ka warware zaren hular nan.

Yaron ya yi gaskiya: haƙƙin hoto na wanda ya ɗauka ne, kuma irin wannan lasisi ba a janye shi daga waɗanda suka riga suka ɗauka. Kai ma ka ce masa je ka, ba ka tambayi ina ba. Amma ya yi sakaci da bai fayyace wa kawunsa ma'anar kyautar ba, ya kamata ya ba ka haƙuri.

Kai ma kana da hujja. Lasisin hoton ya bayar, bai bayar da mutuncinka ba. Tallar kaya da fuskar mutum ba da izininsa ba wata magana ce daban. Ku je tare wurin mai maganin da mai katifar, ku nemi su sauke ka cikin lalama. In sun ƙi, ga lauyoyi. Kai ɗan ƙanwarka kotu kuwa zai ƙara wa yayyen Hajiya abin faɗa ne kawai.

Ita kuma, ka sa babbar rigar da ka fi ji da ɗinkinta, ka je da kanka, ka bar aike. Matar nan ta ga cikin bakinka har maƙogwaro a bayan Keke, amma ba ta ce a'a ba, cewa ta yi tana tunani. Maza da yawa sai bayan ɗaurin aure ake ganin nasu, kai an riga an gani kuma ba a gudu ba.

Allah ya daidaita ku, ya sa a yi da mu.