Motata tana ɗigar mai, bakaniken kuma surukina ne

Kawu Mahfuz, don Allah ka agaza mini da shawara kafin in aikata abin da zan yi da-na-sani. Wallahi na gaji.

Ina da wata tsohuwar mota, ta girmi babban ɗana nesa ba kusa ba. Da ita nake kai yara makaranta, da ita nake kwaso wa 'yan tumakina dusa da harawa zuwa Inkil inda muke zaune. Tun daminar bara ta fara ɗigar baƙin mai. Da farko ɗan ɗigo ne, yanzu duk inda na tsaya sai na bar shaida. Maƙwabcina Joel har cewa yake mai nemana ba sai ya kira waya ba, ya bi sawun mai kawai. Shi dariya yake yi, ni kuwa abin yana cina. Rannan jar fitilar mai ta kama muna daidai Shadawanka, ga yara a baya, ni kuwa ina ta tsoron kada inji ya buga. Yanzu ba na fita sai da galan ɗin baƙin mai a but, kuma ina cika mata har ya wuce layin sandar awon mai don in samu kwanciyar hankali.

Za ka ce in kai gareji. To ai nan gizo yake saƙa. Bakaniken nawa mahaifin matata Sauda ne, garejinsa yana Ƙofar Dumi. Mu Fulani ne, ka san yadda muke da suruki, ko sunansa ba zan iya rubuta maka ba, Baffa nake ce masa. Idan na je sai in durƙusa in gaishe shi, in ajiye makulli, in sulale in hau acaɓa. Bayanin matsalar kuwa Sauda nake yi wa, ita ta gaya wa Innarta, Inna ta gaya masa.

Kuma ban taɓa raina shi ba. Ko sau ɗaya ban kai masa motar da datti ba. Sai na biya wajen wankin mota an wanke ta ciki da bai, an feshe injin da ƙarƙashinta tas har tana ƙyalli, sannan in lallaɓa in kai masa. Wace fuska ce da ni da zan sa dattijo ya kwanta ƙarƙashin ƙazantata?

Amma me? Ya sauya gasket na marfin inji, ta ci gaba da ɗiga. Ya sauya filta. Ya sauke tukunyar mai ta ƙasa ya shafe ta da gam. Kowane karo sai Sauda ta dawo da saƙon an gama, kwana biyu sai in leƙa in ga baƙin tabon nan yana kallona. Haba! Har na fara rayawa a zuciyata ko idon Baffa ne ya yi rauni, Allah ya yafe mini.

Joel ya ce akwai wani gwani da ya sani, rana ɗaya zai gano ta. Da na ɗan taɓa wa Sauda zancen sai ta fashe da kuka, wai so nake in nuna wa duk Ƙofar Dumi cewa ubanta bai iya aikinsa ba, don garin nan magana ba ta ɓuya tsakanin bakanikai. Tun ranar gaisuwa ce kawai tsakaninmu. In na kai wani wuri na ci fuskar mutumin da ya ba ni 'yarsa, in na zauna inji ya buga da yarana a hanya. Yaya zan yi?

Wanda Mai Ya Hana Sukuni, Inkil

Ɗana, sannu da fama. Na karanta takardarka, na tausaya maka, amma ka yi haƙuri, sai da na yi dariya da na zo wajen wankin mota.

Tsoronka yana kan hanya. Motar da ke zubar da mai har fitila ta kama ba abin wasa ba ce, balle da yara a ciki. Sauda ma ba ta yi laifi ba, mutuncin mahaifinta take karewa. Sai dai idon Baffa lafiyarsa lau. Kai ne kake rufe masa shi.

Bakanike sawu yake bi. Mai yana fitowa daga wuri ɗaya, ya gangaro ƙasa, iska ta kwashe shi baya, ƙura ta manne masa. Wannan dattin da kake jin kunyarsa shi ne yake nuna inda ɗigar ta faro. Kai kuwa sai ka share shi tas, ka ajiye makulli ka gudu. Bayanin da zai cike giɓin kuma ya bi ta bakin mutum biyu, kafin ya isa ya koma "wai motar tana ɗiga". Me ya rage wa dattijo in ban da cinke? Kai da ka taso cikin dabbobi, za ka share sawun tunkiyar da ta ɓata sannan ka tura a nemo ta?

Ga abin yi. Daga yau kada ruwa ya taɓa injin nan. Idan ka ajiye ta, shimfiɗa kwali a ƙarƙashi, ka yi alamar inda gaba yake. Da safe ka duba: ɗigon yana gaba ne, tsakiya ko baya, baƙi ne ko ja-ja, don man giya da na sitiyari ma suna ɗiga. Ka lura ko tana zuba ne tana tsaye ko sai ta yi tafiya ta ɗau zafi. Ka riƙa auna mai kowace safiya, kuma ka daina cikawa ya wuce layi, yawan ma yana tura shi waje ta sil, wato robar da ke tare mai. In jar fitila ta sake kamawa, kashe mota nan take.

Sannan ka kai masa ita yadda take, da kwalin a hannunka, kuma ka tsaya. In baki ya yi nauyi, ka kalli inji ka yi bayani, ba sai kun haɗa ido ba. In ya ga dama shi zai wanke, ya barbaɗa hoda, ya tayar da ita ku ga inda hodar ta fara jiƙa. Ka roƙe shi ya duba tiyon da inji yake numfashi ta ciki, in ya toshe mai ta ko'ina yake neman hanya. Idan kuma aikin ya zama na sauke giya, ya fi ƙarfin kayan aikinsa, ka bar shi da bakinsa ya zaɓi wanda za a kai wa. Ta haka motar ta je wani gareji, girmansa na nan. Joel ya yi haƙuri tukuna.

Ka gaya wa Sauda shirin yau ɗin nan, ka ga yadda fuskarta za ta sake.

Abu ɗaya da ba ka hango ba: kana zaton kai kaɗai kake jin kunya? Ina kyautata zaton dattijon nan tun zuwan farko yake son ya ce ka daina wanke ta, nauyin suruki ya hana shi. Sau uku yana kwanciya ƙarƙashin motar mijin 'yarsa yana lalube, ya kasa tambayarka komai. Ka sauƙaƙa masa, ɗana. Ka kai masa ita da dattinta.

Allah ya tsare hanya, ya bar zumunci, ya sanya albarka a gidanku.

Kawu Mahfuz