Hannun Daman Baba

Assalamu alaikum Yayata,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina cikin ƙoshin lafiya. Ya jami'a, ya karatu? Na ba direban da ke kai miki saƙo wannan takarda ne, don ba na son yin maganar a wayar Mama.

Yaya, ki yi haƙuri, wani abu ya tsaya min a rai. Da kika zo hutu kin sa Baba ya yi ta kai da kawowa a tsakar gida kina ɗaukarsa a waya, kika ce aikin makaranta ne. Har ya yi miki tsiyar da ya saba, wai ya tura ki karanta ilimin motsin jiki, kin dawo kina koya wa tsoho tatata. Kowa ya yi dariya ban da ke. Na ce ni ma ki ɗauke ni, kika ce sai gobe, har kika tafi. In aikin makaranta ne, me ya sa sai Baba kaɗai? Me kuma kuke faɗa da Mama a kicin, da na shigo kuka koma zancen gishiri?

Na fara kallonsa yadda kike yi. Hannunsa na dama ba ya lilo in yana tafiya, a manne yake da jikinsa. A shagon ɗinki kuma ni yake miƙa wa allura in zura masa zare, wai idonsa ne. Alhali jarida yake karantawa ba tabarau.

Don Allah me kika gani?

Ƙanwarki,
Auta

Assalamu alaikum Yaya,

Ina gaishe ki da kyau, da fatan kin gama gwajinki lafiya. Amsarki ta iso. Kin ce in mai da hankali kan jarrabawata. Na duba takardar ciki da baya, ban ga inda kika ce na yi kuskure ba.

Ashe Baba ya lura ina kallonsa. Ranar Asabar da na raka shi shago, sai ya shige gabana yana wurga hannun nan da ƙarfi. Na fara murna, amma tafiyar ta yi min wani iri. Na kalli mai tura baro da ya ajiye baronsa, na kalli wata mata da ke tsallaka titi: kowa hannun dama da ƙafar hagu suke fita tare. Baba kuwa dama da dama yake jefawa, kamar sabon ɗalibi a fareti. Da gangan yake yi, don ni.

Kin san ni da nauyin baki. Sai da ya buɗe shago ya zauna a kan keken ɗinki na iya cewa, "Baba, ai hannun dama da ƙafar hagu suke tafiya."

Ya ce, "To fa! Mun sami likitar tafiya ta biyu."

Ban yi dariya ba, shi ma ya bari. Ya ɗora hannun a gwiwa yana rawa, wannan karon bai rufe shi da yadi ya ɓoye ba. Ya ce Mama ta dame shi ya ga likitan jijiya kamar yadda kika ce, shi kuwa tsoronsa a ji hannun tela na rawa, kowa ya zo ya kwashe ɗinkinsa. Sannan ya tambaye ni me kika gani. Na ce ba wanda ya gaya min. Ya ce shi ma bai yarda ya tambaye ki ba.

Zai je asibitin in ke za ki raka shi. Ya ce ki kira ranar Lahadi ki faɗa masa komai, har da abin da ba ki tabbatar ba. Na riga na gaya wa Mama ina cikin ɗakin za a yi maganar, kuma ba wanda zai aike ni sayen komai.

Allah Ya ba ki sa'a.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Auta