Tandun Kwallin da Na Aiko

Hadiza 'yata,

Gaisuwa mai yawa. Ya jego, ya jaririn, ya maigidanki? Mu nan Roni lafiya, ban da idanu.

Ranar bikin ƙanwarki duk da tanduna muka sa kwalli, tsinke ɗaya. Yanzu mu shida idanunmu sun kumbura, gashin ido na zuba. Likita ta ce ƙwari ne da ido ba ya gani, tsinken ne motarsu.

Tandun da aka sa tsinken kuwa shi na ba kawunki ya kai miki, kuma ya riga takardar nan tashi. In kin sa wa jaririn, ki kai shi asibiti yau. In ba ki sa ba, ki jefa masai, kar ki ji kunyata.

Gaida surukarki. A sa mu a addu'a.

Innarki