Bowa ko Wadar Mesa, Bayan Baba Ya Riga Ya Ce In Sha Gahawata

Ya Ummu Hazim, don Allah ki agaza mini kafin ranar Alhamis. Da hannuna na jefa mahaifina cikin wani hali, shi kuwa ba zai taɓa yarda ya ce yana cikin wani hali ba.

Shekaruna ashirin da biyu. Makonni biyar ke nan da na gama digiri a fannin safiyo, wato awon filaye, ban sami aiki ba tukuna. Muna zaune a hawa na uku a Irbid, ni da Baba da Mama. Yayana Kusai yana aiki a Akaba. Tun ina 'yar shekara goma sha huɗu nake son kiwon maciji. Na san abin da za ki ce, kowa ma ya faɗa. Ba mai dafi nake nufi ba. Shekara takwas ina karatu a kansu, na cika littafin rubutu uku, amma ban taɓa samun ƙarfin halin furtawa a gida ba.

Ranar walimar kammala karatuna aka yi mansaf, shinkafa da naman rago na taron biki, baffanni suka cika falo. Da aka wanke hannu sai na zagaya da gahawa. Wasa ya ɗebe ni, na zuba wa kaina finjali ɗaya, na zo gaban Baba na ajiye a kan tebur ban sha ba, kamar yadda manya suke yi in sun zo neman alfarma. Falo ya ɗauki dariya. Baba yana cikin murna, ya shafa gashin bakinsa ya ce, "Sha gahawarki, 'yata, abin da kika zo nema kin samu." Bai tambayi ko mene ne ba. Daga baya Mama ta ce mini ya zaci sabuwar waya zan ce. Na sha, na girgiza finjalin alamar ya ishe ni, na ce maciji nake so.



Na yi sauri na yi bayani cewa wadar mesa nake nufi, irin 'yan ƙananan nan 'yan asalin Ostireliya, waɗanda ko sun gama girma ba sa wuce mita ɗaya. Da a nan aka tsaya, da ban rubuto miki ba. Amma Baffa Falah yana wurin, wan Baba, wanda tun suna yara ba shi da aikin da ya wuce tsokanarsa. Ya ce wa Baba, "Ka gode wa Allah, Abu Kusai, igiyar takalmi za a kawo maka. Wannan ko kai ma za ka iya leƙenta daga bakin ƙofa." Baba ya juyo ya tambaye ni wace ce babbar da ake sayarwa. Ni kuma, Ummu Hazim, ban iya barin tambaya ba tare da na ba ta amsar gaskiya ba. Na ce bowa, wata ƙatuwar macijiya mai kama da mesa. Ya ce, "Ita za a kawo. 'Yar Abu Kusai ba ta kiwon igiyar takalmi." Baffa ya ce in ta iso zai zo da kansa ya gaishe da baƙuwa. An sa Juma'a mai zuwa.

Mai shagon da nake zuwa, Rakan, yana da su duka biyu, ya kuma ce zai ajiye mini su zuwa Alhamis. Bari in ba ki lissafin yadda yake. Bowar mace ce, yanzu santimita saba'in. In ta girma za ta kai mita biyu da rabi, wataƙila uku, nauyinta ya kai kilo goma sha biyar. Akwatin gilashin da za ta buƙata a lokacin bai kamata ya gaza mita biyu ba, bangon da ya rage a ɗakina kuwa, tsakanin taga da durowar kaya, mita ɗaya da santimita tamanin da biyar ne. Na auna sau huɗu. Wadar mesar kuwa akwatin santimita casa'in ya ishe ta har tsufa. Bowa tana yin shekara ashirin da biyar zuwa talatin. Baba yana da sittin da ɗaya. Na bar miki tarawa, ni na yi na kasa barin tunaninsa. Ƙaramar ma tana haura ashirin.

Sai abinci. Dukansu daskararrun ɓeraye ake ba su, sai dai ƙaramar ɗan ɓera ɗaya ya ishe ta kwana goma, bowa kuwa in ta girma sai manya-manya, wani lokaci har zomo. Mama ta ce ta yarda da gwangwani ɗaya a firizarta, mai murfi, a rubuce da jan alƙalami, nesa da ganyen inabi da naman layya. Ta ce ranar da ta miƙa hannu neman kuɓewa ta taɓo wutsiya, ni da macijin da mai alkawarin duk mu nemi wani gida.

Amma ba bango ko firiza ne ya hana ni sukuni ba. Baba yana tsoron maciji, tsoro ba na wasa ba. Mama ta ce yana ƙarami kububuwa ta sari jakinsu a gabansa a gonar zaitun, Baffa Falah kuma ya san wannan sarai. Macijin bai ma shigo gidan ba, amma Baba ya daina sa takalmi sai ya kife shi ya bubbuga. Ranar Talata igiyar caja ta zamo daga kan kujera, kafin in ɗaga kai yana baranda da jarida a hannu, ya ce iska ya fita sha. Kowace safiya yana da tambaya ɗaya: "Wannan abar taku tana hawa bango? Don sani kawai." Na same shi a ɗakin girki na ce ƙaramar ma ta ishe ni. Ya ce, "Maganar da na yi a gaban maza, ba a ɗakin girki za a warware ta ba."

Ga laifina kuma, tunda na fara faɗin gaskiya. Rakan ya ɗora mini bowar a hannu. Ta naɗe wuyan hannuna a hankali, ta kwantar da kai a kan agogona kamar ta san ni. Ƙaramar kuwa da na kai hannu sai ta kai mini cizo, duk da bai fi sukar allura ba, kuma na karanta cewa suna dainawa in sun saba. Tun daga ranar zuciyata ta rabu. Na zana jadawali mai layi goma sha huɗu: ƙaramar ta ci tara, bowa ta ci huɗu, sun yi kunnen doki a ɗaya. Duk da haka in na rufe ido bowar nake gani.

In na ɗauko bowa, Baba ya fita kunyar Baffa ranar Juma'a ɗaya, sannan ya yi sauran rayuwarsa yana bubbuga takalmi. In na ɗauko ƙaramar, Baffa zai yi ta ba da labarin igiyar takalmi a kowace Sallah har jikoki su haddace. In na fasa gaba ɗaya, an ce Abu Kusai ya ce a sha gahawa bai cika ba, wannan kuwa ya fi masa zafi fiye da duka. Wacce zan ɗauka?

Mai Tef ɗin Awo, Irbid

*

'Yata Mai Tef ɗin Awo,

Na karanta wasiƙarki sau biyu, na yi dariya da na zo kan labarin mahaifinki a baranda, Allah ya yafe mini. Jadawalinki ya yi kyau, sai dai layi goma sha huɗu kika zana, ba ko ɗaya da sunan Abu Kusai. Ƙara masa na goma sha biyar, ki sake tarawa.

Ba zan zagi bowa ba. Masu kiwonta suna yabon sanyin halinta, ba ta cika ƙin abinci ba, kuma na yarda da abin da kika ji da ta kwanta a agogonki. Amma wadda kika riƙe 'yar santimita saba'in ce, wadda za ki zauna da ita kuwa ta fi bangonki tsawo. Akwai kuma abin da kika sani kika tsallake a wasiƙarki: masana suna gargaɗin kada mutum ɗaya ya riƙa ɗaukar macijin da ya kai wannan girma ba wani a kusa. Wane ne na biyunki a gidan nan? Kusai yana Akaba, Mama ta riga ta faɗi nata. Saura mai bubbuga takalmi. Ranar da aiki ya kira ki wani gari, shi za ki bar wa kilo goma sha biyar.

Ki ɗauki wadar mesa. Ita ma ba ta rasa nata halin ba: tana cizo tana ƙarama, kuma kafar da ba ki ɗauka komai ba ta ishe ta ficewa. Don haka akwatin ya zama mai makulli. Ki tanadi abin ɗumama shi mai daidaita zafi kafin sanyin Irbid ya shigo, ki nemi Rakan ya nuna miki takardun da ke nuna a hannun makiyaya aka haife ta kuma ta halastacciyar hanya ta shigo, ki san likitan dabbobin da ya iya duba irinta tun kafin buƙata ta taso. Bowa za ta jira ranar da kike da bangonki da firizarki.

Saura mutuncin mahaifinki. Ai shi da kansa ya gaya miki mafita, ba ki ji ba ne. Ya ce ba a ɗakin girki za a warware maganar ba. Bai ce ba za a warware ta ba. A falo aka ƙulla, a falo za a kwance. Ranar Alhamis ki roƙi Rakan ya ƙara miki kwana biyu. Ranar Juma'a, in Baffa ya zauna yana raba ido yana neman baƙuwa, ki zagaya da gahawa, ki zuba wa kanki finjali, ki sake ajiye shi a gaban Baba. Ki ce kin zo neman alfarma ta biyu: ya sassauta miki, ya bar ki ki ɗauki ƙaramar, domin kin auna ɗakinki bowa ba za ta shiga ba, kuma ba za ki iya da ita ke kaɗai ba. Duk gaskiya ce, ba sai kin yi ƙarya ba. Ta haka shi ya ba da babba, 'yarsa ce ta nemi rangwame, shi kuma ya yi halin manya. In Baffa ya fara maganar igiyar takalmi, ki ce masa cikin ladabi kina shirye ki kawo bowa gobe, muddin shi babban gida zai riƙa zuwa duk ranar wanke akwati ya riƙe wajen kan. Ina zaton zai duba agogonsa ya ce yana da uzuri.

Abu ɗaya na ƙarshe. Ƙaramar ma maciji ce a idon mahaifinki, kuma don ke zai haɗiye tsoronsa. Kada ki taɓa fito da ita inda yake, kada ki taɓa yi masa wasa da ita, kada kuma ki nuna kin san komai. Ki ba shi makulli ɗaya ya sa cikin makullansa, ki ce maigida ne ke riƙe makullin kowace ƙofa. Zai riƙa zuwa yana gwada kwaɗon sau biyar a rana. Ki ƙyale shi.

Allah ya sa albarka a karatunki, ya kawo aiki na alheri, ya ƙara wa Abu Kusai lafiya. Gahawar Juma'a kuwa ki bari ta huce kafin ki zuba, domin finjalin ba zai gama taɓa tebur ba zai ce ki sha.

Ummu Hazim