Rufin ɗakin Baba da na sake hudawa

Zuwa ga Yayana abin ƙaunata,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya kai da iyali, Allah ya ƙara rufin asiri, ya sa baƙuntar nan ta zame alheri. Mu nan kalau. Inna ta samu sauƙin gwiwar, har ta koma yi mini faɗa, ka ga kuwa lafiya ta samu. Kasuwa dai ana lallaɓawa.

To, maganar ɗakin marigayi Baba da ka ce in gyara rufin a zuba ɗan haya. Wallahi na kai kafinta, kwano ma na saya. Muna buɗe ƙofa sai ga fararen yadudduka rataye tun daga sama har ƙasa, kowanne daidai inda rufin ke yoyo, an shafe su da jar ƙasa da gawayi da lakar bakin rafi. Na ɗauka shanya ce ta lalace, na ce kafinta ya hau. Ya toshe huda uku kenan sai ga autarka ta dawo daga makarantar zanensu. Ba ta yi kuka ba, Yaya. Tsayawa kawai ta yi tana kallon sama, irin tsayuwarka in ranka ya ɓaci.

Daga baya ta yi mini bayani, ashe yadudduka nata ne, aikin zane take yi, amma wai ba ita ke zanen ba, ruwan sama ne. Ita ƙasa take shafawa, yoyon ya biyo yadin ya ja ta yadda ya ga dama, tun farkon damina suke aikin tare. Na ce mata ni abin da na gani kamar akuya ta faɗa rini ta yi birgima. Ta yi dariya, ta zaunar da ni a kujerar Baba, ta ce in rufe bakin ciniki minti biyar. Ka san wannan ba ƙaramar azaba ba ce a gare ni. Da rana ta ratso hudojin ta sauka kan jan nan, sai na ga gangaren gonarmu bayan ruwan fari, har inda kake zamewa kullum. Babu bishiya, babu mutum a jikin yadin, amma gonarmu ce sak. Inna da aka shigo da ita tana gani ta nemi a bar mata kujerar.

Wasu masu gidan nuna zane sun zo sun so kwashewa zuwa zaurensu, yarinyar nan ta ce aikin ba ya tashi daga ɗakin, in an raba shi da rufin ya zama tsumma. Shekara talatin ina kasuwa, ban taɓa ganin hajar da ta ƙi bin mai saye ba, kuma tun ranar mutane ke layi a ƙofar.

Saboda haka ga laifina, na faɗa da bakina kafin a kawo maka gulma: na hau da ƙusa na sake huda ukun nan, ɗan hayar da na samo kuma na ba shi haƙuri. Roƙona ka bar mata ɗakin har ruwa ya ɗauke. Ita kunya ba za ta bar ta ta tambaye ka ba, ni kuwa ka san ban gaji kunya ba. In faɗa ne ka yi da ni, amma ita ka kira ta a waya ka ce ta nuna maka ta bidiyo.

Inna tana sa albarka. Ka gaida uwargida da Babban Yaya da 'yan biyu, Gwaggo ma tana gaishe ku.

Naka har kullum,
Ƙaninka mai shagon takalma