Gida Mai Taya

Yaya Liatu,

Gaisuwa mai yawa. Ya mutanen Yelwa, ya jikin Mama?

Ina Kanada lafiya lau, ina ta tuƙa tsohon Baturen nan a motarsa mai gado da kicin. Daga wannan tafki sai wancan dutse, shi yana ɗaukar hoto, ni ina ɗaga waya sama ina neman sabis. Kwana biyar ban samu ba. Yau na tarar kin kira sau tara, na kira kuma wayarki a kashe.

Adireshin da Mama take nema don aiko yaji, ki lallaɓa ta, kada ta san gidana taya gare shi. Allah ya ƙara mata sauƙi.

Amma don Allah ki rubuto. Ko mene ne, gara in sani.

Ƙaninki,
Irmiya