Naman Malam da ya rage a Zariya

Litinin, 24 ga Mayu, 1999
Mun dawo Katsina daga asibitin Zariya. Maigida Malam Audu ya jure hanya, sai tari kaɗan bayan Funtuwa. Ƙarin da ke huhunsa an cire shi, ciwon daji ne. Ban faɗa wa kowa sunan ba a Ƙofar Guga, na ce ciwon ƙirji.

Talata, 25 ga Mayu
Abin da ya hana ni sakewa: naman da aka yanka yana can. Ni da ko farcensa ban taɓa bari a ƙasa ba. Haƙorinsa da ya fita bara, cibiyar 'ya'yanmu, duk na tona na rufe gindin lalle. Haka Inna ta koya mini, abin da ya fito jikin ɗan Adam ƙasa ake ba. Na tambayi Likita Usman naman kafin mu taho, ya ce, "Hajiya, ina roƙon ku bar mana shi. Ku yi shawara kafin ku dawo duba ɗinki." Ban je Makka ba, amma ban gyara masa ba.

Alhamis, 27 ga Mayu
Na yanki farin ƙyalle, na wanke. Na tona ramin. Jira kawai.

Asabar, 29 ga Mayu
Yau soja suka miƙa mulki. Rediyo tun safe, yara na ta ihu a lungu. Malam ya ce in ƙaro murya, ya saurara, can ya ce, "To, su ma an yi musu tiyata, sai a ga ko zai sake tsirowa." Ya yi dariya har ɗinkin ya ja shi.

Na sake ɗaga maganar. Bari in rubuta bayanin likita yadda na riƙe. Ya ce ba ƙarin kaɗai suke dubawa ba, har naman da ke kewaye da shi. Akwai wasu ƙananan ƙwayoyi masu saƙa zaren da ke riƙe nama. A jikin wani kamar suna tsare ƙarin, a jikin wani kuma ƙarin ya janye su suna yi masa hidima. Suna zaton ko yana cikin dalilin da wani ke daɗewa bayan aiki, wani ba ya daɗewa. Zato ne, ya ce, ba su tabbatar ba, sai sun tara na mutane da yawa sun bi rayuwarsu.

Malam magini ne, nan take ya ce, "Ramno ke nan. Ashe ni ma da ciyawa aka cuɗa lakata." Ni ban yi dariya ba. Na ce, shi wannan binciken zai ƙara maka kwana? Ya ce likita ya ce a'a, sai dai na baya.

Laraba, 2 ga Yuni
Bai ci tuwo ba. Kunu rabin kofi.

Juma'a, 4 ga Yuni
Na je wurin Malam Nu'uman, ɗan malaminmu na allo. Ta bayan labule ya ce binnewa shi ne abin da aka sani, amma in akwai amfanin marasa lafiya kuma mai jikin ya yarda, bai ga laifi ba. Na so ya ce haram. Astagfirullah, amma haka na so, da na huta.

Lahadi, 6 ga Yuni
Mun ɗan saɓa, a hankali, don kada yara su ji. Na ce in ta Allah ta kasance, yaya za a kai ka ba cikakke ba? Ya ce, "Furera, Wanda ya tara ni daga babu ne zai rasa hanyar Zariya?" Ya ɗan huta. "Gidaje nawa na gina wanga gari ban kwana ciki ba? Amma ke za ki zauna da abin bayana. Mi kika ce, shi za a yi."

Da bai ɗora mini ba.

Alhamis, 10 ga Yuni
Zariya. Ɗinki ya kama. A benci na zauna kusa da wata mata daga Batagarawa, mijinta irin ciwon, nasa aikin sati mai zuwa. Ta ce, "Yaya, naku ya ji sauƙi? Shekara nawa ake yi bayan an cire?" Na ce mata ban sani ba. Likita ma bai sani ba, na ji ta tambaye shi.

Ya nuna mini naman. Ɗan tsito, daskare cikin kaki irin na kyandir, da lamba a jiki. A tsabtace yake, ba a wulaƙanta shi ba. Na riƙe ƙyallen cikin mayafi har muka fito.

Asabar, 12 ga Yuni
An yi ruwa. Ramin gindin lalle ya cika da laka, na zuba 'ya'yan kuɓewa na rufe, tun da an riga an tona. Ban ce na yarda ba, cewa na yi wa likita a ajiye tukuna. Ƙyallen kuwa sabo ne, bai kamata ya zauna banza ba. Da shi na tace wa Malam kamu yau, na dama kunu, ya shanye kofin duka.